Uwar Garke Mai Mutuwa Ƙarfe Tara

A duk shekarun da na yi ina aikin kwamfuta, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce ranar da Ardo Jaɓɓo ya zo ofishinmu da dattawan ruga, ya ce ba zai tashi ba sai an nuna masa gawar. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya, bari in faro muku daga farko, don ku gane yadda aka yi har aka kai ga neman gawa a ɗakin kwamfuta.

A ƙarshen shekarun casa'in ne aka tura ni ofishin shiyya na wani shirin raya karkara, kusa da Kwanar Dangora. Shiyyar ta haɗa Bebeji da Kiru da Tudun Wada har Doguwa. Muƙamina mataimakin jami'in kwamfuta ne, amma tunda ba wani sai ni, kowa Injiniya yake ce mini, ni kuma ban taɓa gyara wa kowa ba. Shugabar sashenmu, Hajiya Rabi, tana babban ofis a Kano. A shiyya kuwa manajanmu Alhaji Garba ne, mutum mai son tsari da tsoron takarda daga sama.

An kawo mana babbar kwamfuta wadda ke riƙe da rajistar manoma da jadawalin rigakafin dabbobi, ƙananan kwamfutocin akawuna duk daga cikinta suke ɗiba. Ranar da aka sauke ta, Alhaji Garba ya tambaye ni aikinta. Na ce ita ce sauran duk suke bi. Ya gyaɗa kai ya ce, "Ashe uwar garke ce." Shi ke nan suna ya zauna. Har mutanen Kano suka ɗauka.

A bayanta akwai katin sadarwa biyu, wato ƙofofin da waya ke shiga ta haɗa ta da sauran kwamfutoci. An haɗe su su zama ɗaya, adireshinsu ɗaya. Na farko ne ke aiki, na biyu yana jira. In na farko ya sami matsala, na biyu ya karɓa nan take, mai aiki a gaban kwamfutarsa ba zai ma san an yi ba. Kowane kati wayarsa ta tafi akwatin rarraba layi dabam, wanda muke kira hob. Waɗanda suka ja wayar sun raba hob ɗin ɗaki biyu, don kada matsala ɗaya ta cinye duka. Na biyu yana ɗakina, shi ne akawuna da layin Kano ke kai. Na farko yana bayan bango, a ɗakin Malam Buba, tsohon malamin dabbobi. Ban da uwar garke, kwamfutar manaja ce kawai a kansa, ita kuwa tun da aka kawo ta a lulluɓe take da mayafi saboda ƙura, ban taɓa ganin an kunna ta ba.

Wata Litinin Hajiya Rabi ta aiko mini da faifai da 'yar takarda. A faifan akwai ƙaramar manhaja da ake sa wa uwar garke ta riƙa sa ido a kanta, in ta ga abin da bai yi ba ta aika labari Kano ta layin rediyo. A can akwai allo: kore lafiya, ja matsala, da ƙararrawa. Mu muna ce wa manhajar ɗan rahoto. Da nake saka shi, ya tambaye ni wane kati zai ɗauka a matsayin alamar ran kwamfutar. Ya jero mini uku. Na ɗaya, na biyu, da wani na uku mai dogon suna. Na ce a raina, kati biyu na gani da idona, na taɓa da hannuna, wannan na ukun shirme ne irin na na'ura. Ban kuwa karanta takardar Hajiya har ƙarshe ba. Na zaɓi na ɗaya, na tashi na tafi cin gurasa bakin titi ina jin kaina.

Washegari ƙarfe tara daidai, rediyon oba-oba ya yi kururuwa. Rediyon a baranda yake, kuma mai kula da shi kunnensa ya yi nauyi, kullum a ƙure yake sa murya.

"Kano na kiran Dangora. Uwar garkenku ta mutu, oba."

Na fito da gudu na karɓa. "Hajiya, ina kwana. Yanzu na baro ta tana aiki, oba."

"Lafiya lau, Malam Habu. Ni dai ja nake gani. Ta mutu, oba."

Na leƙa ɗakin akawuna, kowa na buga aikinsa. Na dawo na faɗa mata. Ta sa na karanto mata lambobi, na karanto. Muna cikin haka, wajen minti ashirin, ta ce, "To, ta tashi, oba."

Laraba ma haka. Alhamis haka. Ƙarfe tara ta mutu, tara da minti ashirin ta tashi. Ni kuma duk lokacin nan ina tsaye a baranda ina amsa tambayoyi, in na koma ɗaki in tarar komai lafiya. Da rana na canza waya. Na buɗe kwamfutar na cire kati na busa na mayar. Na goge ɗan rahoto na sake saka shi, na sake zaɓar kati na ɗaya da ƙarfin gwiwa. Sati na zagayowa aka kawo mini takardar tuhuma daga Kano, in yi bayani cikin kwana uku dalilin da ya sa kwamfutar shiyya ke mutuwa kullum.

Alhaji Garba ya kira ni ofis ya rufe ƙofa. "Injiniya, tsakani da Allah, tana mutuwa ko ba ta mutuwa?"

"Ranka ya daɗe, ba ta mutuwa."

"To Hajiya ƙarya take yi?"

"A'a, ranka ya daɗe, ita ma gaskiya take faɗa."

Ya tashi ya buɗe ƙofa. Sannan ya ce in je in rubuta wannan a takarda in ga ko zan kwana da aikina.

Abin da ba mu lura da shi ba, barandar nan ita ce inda makiyaya ke zama da safe suna jiran Malam Buba. A lokacin ana shirin rigakafin ciwon huhu na shanu, don an ce cutar ta ɓulla ta wajen Doguwa, kuma an kawo sabon maganin yana cikin firji. Mutum yana zaune a kan benci, sai ya ji murya daga Kano tana shelar uwar garke ta mutu. Gobe ɗan'uwansa ya zo ya ji haka. Kafin kasuwar Kafin Maiyaki ta watse, magana ta gama gari: tun da aka kawo sabon magani, kullum sai babbar saniya ta faɗi a ofishin, suna gwadawa a ɓoye. Wasu suka ce a bayan sito ake binne su. Wani mai kabu-kabu ya rantse ya ga ƙaho.

Saura kwana uku a fara rigakafi, da sassafe, sai ga Ardo Jaɓɓo. Dogon tsoho ne, siriri, da malfa da sanda a kafaɗa, kuma rugagen yankin in ya ce a'a to a'a ce. Aka shimfiɗa musu tabarma. Aka gaisa, aka tambayi gida da shanu da ruwa, aka sake gaisawa. Sannan ya ce, cikin natsuwa, sun zo jaje ne, kuma sun zo su faɗa cewa ko ɗan maraƙi ba za a kawo wa allura ba.

Malam Buba ya miƙe tsaye. Shekarunsa sun kai na Ardo, sun san juna tun suna samari. "Haba Ardo! Ni zan kashe maka nagge? Yaushe muka fara haka da kai?"

"Ba kai na ce ba, Buba. Rediyonku ne ya ce."

Aka yi ta ja-in-ja, Ardo ya ce ba zai tashi ba sai an nuna masa gawar. Ni ina gefe ina kallon agogo. Tara ta yi, shiru. Tara da rabi, shiru. Can rediyo ya yi magana: "Malam Habu, yau kore ne. Me ka gyara? Sannu da ƙoƙari, oba." Na karɓa na ce, "Ai aikinmu ne, Hajiya, oba." Ban gyara komai ba. Allah ya yafe mini.

Alhaji Garba ya ga magana ba za ta ƙare a baranda ba, ya ce in kai Ardo ya ga uwar garken da idonsa. Malam Buba kuma ya ce shi ma bari ya je ya dafa allurai a gabansu, su ga ba da ƙazanta yake aiki ba, tunda yau gardama ta hana shi dafawa da wuri. Ya shige ɗakinsa yana faɗa.

Muka shiga ɗakina, dattawa suka tuɓe takalma a ƙofa. Na nuna akwatin ƙarfen da ke jingine da bango. Ardo ya dube shi, ya dube ni.

"Wannan ce?"

"Ita ce, Baba Ardo."

"Ina garken?"

Na nuna masa kwamfutocin akawuna ta taga. Ya matsa ya ɗora tafin hannunsa a gefen akwatin, kamar yadda ake taɓa kwiɓin saniya. Ya ce da ɗumi. Ya kai kunne wajen fanka, ya ce tana numfashi. Yana rufe baki rediyo ya ɗauka daga baranda, har bango na amsawa:

"Dangora! Na yi saurin yabo. Uwar garkenku ta mutu, oba!"

Ɗaya daga cikin dattawan ya yi salati ya ja da baya. Ardo bai ɗauke hannunsa ba. Ya ce, "Ɗana, wannan da hannuna ke kai ita ce ta mutu yanzu?"

"Haka suka ce, Baba."

"Wa ya kai musu labari?"

Na ce akwai ɗan rahoto a cikinta, shi ke aikawa.

"A cikinta yake?"

"A cikinta."

"To gawa ce ta aika a yi mata sanarwa ke nan?"

Alhaji Garba ya juyo ya kalle ni. Kwana takwas ina fama, wannan tambayar ba ta taɓa zo mini ba. In da ta mutu, da wace ƙofa saƙon ya fita?

Ardo ya ce a janye ta daga bango ya ga bayanta, shi ba ya sayen dabba sai ya zagaya ta. Muka janye. Ya tsuguna. Kowane kati yana da 'yar fitila kore kusa da inda waya ta shiga. Ya nuna da bakin sandarsa ya ce, "Ido ɗaya a buɗe, ɗaya a rufe." Ya kama wayar katin da fitilarsa ta mutu, ya bi ta da yatsa a gindin bango har inda ta shige rami. Ya tambayi me ke bayan bangon. Aka ce ɗakin Buba. Ya miƙe ya fita, muka bi shi a jere, manaja, ni, dattawa, har akawuna sun baro aikinsu.

Muka tarar da Malam Buba tsaye a kan tukunyarsa ta lantarki, allurai da sirinji na tafasa, tururi na tashi. Soket ɗaya ne a ɗakin mai aiki ban da na firji. Fulogin tukunya na ciki. Fulogin hob kuwa yana rataye a kan ƙusa, an naɗe wayarsa tsaf.

"Malam Buba," na ce, "wannan fa?"

"Wanne? Au, wannan ɗan akwatin? Ai kullum nakan cire shi in dafa allura in mayar. Minti ashirin ne. Ba ya komai sai ƙyafta ido."

"Ƙarfe nawa kake dafawa?"

"Tara. Shekara nawa ina dafawa ƙarfe tara, kai ma ka sani."

Ban sani ba. Ɗakinmu bango ɗaya ya raba, kullum muna gaisawa, amma ban taɓa tambayarsa me yake yi da safe ba.

Alhaji Garba ya fara buɗe baki zai sauke wa Malam Buba kwandon faɗa. Sai na ga in na yi shiru tsohon nan zai ɗauki laifin da ba nasa ba ne shi kaɗai. Na ce, "Ranka ya daɗe, dakata. Cire fulogin bai kamata ya tayar da Kano ba. Don irin wannan aka sa kati biyu, kuma na biyun yana karɓa kullum, shi ya sa aiki bai taɓa tsayawa ba. Ni ne na ce wa ɗan rahoto ya kalli kati ɗaya kawai, in ya rufe ido ya ce duka ta mutu."

Na fita baranda na kira Hajiya Rabi na faɗa mata komai, a gaban makiyaya, tunda rediyon ba ya da sirri. Ta saurara har na gama. Sannan ta ce, "Malam Habu, takardar da na haɗo da faifai, ka juya bayanta? Oba."

Na ruga ɗaki na laluba aljihun tebur na ɗauko na juya. Da jan biro ta rubuta: a zaɓi na uku, shi ne haɗakar katunan biyu.

"Yanzu na juya, Hajiya, oba."

Na ji dariyar mutanen ofishinta kafin ta saki maɓallin rediyo.

Ga yadda muka gyara, ita tana faɗa ta rediyo, mai rediyo yana ƙwala mini ta taga, ni ina bugawa. Na tsayar da ɗan rahoto. Na buɗe saitinsa na cire kati na ɗaya daga matsayin ran kwamfuta, na sa na ukun, wanda adireshin ke kansa. Na yi niyyar in cire sauran biyun gaba ɗaya in huta da su, Hajiya ta hana. Ta ce in na yi haka, kati ɗaya zai iya lalacewa wata guda ba wanda ya sani, sai ranar da na biyun ya bi shi. Don haka muka bar su a jerin, amma a matakin gargaɗi: in ɗaya ya faɗi allo ya yi rawaya, ba ƙararrawa. Ja sai haɗakar ta faɗi. Muka kuma sa ya gwada sau uku kafin ya kai ƙara, don kada ɗan lokacin da kati ke miƙa wa ɗan'uwansa aiki ya zama labari. Na tayar da shi.

Ardo ya ce a gwada a gabansa. Malam Buba ya mayar da fulogi, Kano ta ce kore. Ya cire, muka jira.

"Rawaya," in ji Hajiya. "Uwar garke na nan da ranta, ƙafa ɗaya ce ta sami matsala, oba."

Ardo ya gyaɗa kai ya ce yanzu rediyo ya fara hankali, ɗingishi dabam, mutuwa dabam, amma kuma mai ɗingishi ba a barinta a daji. Ya sa aka cire wayar kati na biyu aka mayar da ta ɗaya, ya ga ita ma rawaya. Sannan ya ce a cire duka biyun. Alhaji Garba ya ce a'a, wannan kam a bar shi haka. Ardo ya ce shi bai ga mutuwar gaske ba tukuna. Dole aka sa akawuna suka ajiye aikinsu, na zare duka. Ba a jima ba Kano ta ce ja, don saƙon da kwamfutar ke aikawa lokaci-lokaci cewa tana nan ya daina zuwa. Na mayar, ta ce kore. Sai a nan tsohon ya saɓa sandarsa.

A bakin ƙofa ya tsaya ya ce da manaja abu ɗaya yake roƙo, a canza wa akwatin nan suna, ko a rage wa rediyo murya. Alhaji Garba ya ce za a duba. Muryar aka rage. Sunan ya ƙi canzuwa.

Ranar rigakafi shanu suka cika filin bayan makaranta tun kafin rana ta yi zafi, Malam Buba bai zauna ba sai la'asar. A satin aka ja masa soket nasa na kansa, ni kuma na ɗaure fulogin hob da salatif na rubuta a kai kada a cire. Na hau mashin na je ƙaramin ofishinmu na Tudun Wada, inda ni na saka ɗan rahoto a tasu kwamfutar, na tarar da kuskuren nan yana zaune yana jiran ranarsa, na gyara ba tare da na yi wa kowa dogon bayani ba. Amsar takardar tuhuma layi huɗu na rubuta. Hajiya ta karɓa, amma sai da ta sa aka buga bayanin aka raba wa duk shiyyoyi, ba ta sa sunana ba, sai dai kowa ya san wace shiyya ce ke da Ardo.

Bayan kwana biyu wata dattijuwa ta sauke ƙwaryar kindirmo a baranda, ta ce Ardo ya ce a ba mara lafiya. Ni da Malam Buba muka sha a madadin uwar garke.

Abin da na ɗauka daga wannan ba mai yawa ba ne, amma ya yi mini aiki har na yi ritaya. Na'urar sa ido ba ta ƙarya, abin da ka nuna mata shi take kallo, in ka nuna mata ƙofa ɗaya za ta rantse gidan ba shi da wata. Duk inda aka haɗe katuna, ka sa ido a kan haɗakar don sanin ana raye, ka kuma sa ido a kan kowane kati don sanin saura nawa. Kada ka ce ka gama sai ka zare waya da hannunka ka ga abin da allo zai ce. Sauran kuma ba a littafi yake ba. In matsala tana zuwa a kan lokaci kamar mai ɗaukar albashi, to mutum ne a bayanta, kuma yawanci mutumin kirki ne yana aikinsa. Kafin ka kwance na'ura, tashi ka leƙa ɗakin maƙwabcinka ku gaisa, ka tambaye shi me yake dafawa.